Daga Tsiron Dawa Zuwa Kwalbar 0.0

Ɗan yayata ne ya jawo wannan magana. Ya dawo daga Umara da azumi, muka je yi masa barka da zuwa, maimakon labarin cunkoson ɗawafi ko tsadar masauki, sai ya kama ni da zancen wata koriyar kwalba da ya sha a Madina bayan tarawihi. Ya ce, "Kawu, ashe akwai giyar da ba ta bugarwa? Na ji Larabawa suna ce mata bira, ga ta nan jere a firjin kantuna dab da Harami, ba mai ɗaga kai ya dube ka." Barbican yake nufi. Ya ce lemon kwalba ya gundure shi, yana so in rubuta masa sunayen irin waɗannan abubuwan sha, ya riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarsa da ke gefe ta yi salati, ta ce in dai sunan abu giya, ko ruwan zamzam aka zuba a kwalbar ita ba ta yarda ba.

Duk su biyun suna da abin kamawa, kuma jerin sunaye ba zai raba gardamar ba. Kwalaben da yake magana a kai sun yi kama da juna a ido, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Wanda ya san inda hanyoyin suka rabu zai iya zaɓar abin da zai kai bakinsa ko a Sabon Gari yake, ko a Jidda, ko a Balin.

Mafarin komai ƙwayar hatsi ce. A Turai sha'ir ne. Ana jiƙa shi, a shanya a wuri mai laima har ya fara tsiro, sai a busar da shi da zafi don tsiron ya tsaya. Wannan busasshen tsiron shi ne malt. Dalilin wannan wahala kuwa, ƙwayar hatsi cike take da sitaci, wanda ba shi da zaƙi a harshe. Idan ta fara tsiro sai ta farkar da wasu sinadarai da ke farfasa sitacin su mai da shi sukari, don jaririn tsiro ya sami abinci. Ɗan Adam ya gano wannan dabara tun dubban shekaru, ya riƙa yi wa tsiron ƙwace. Ana ɓarza malt ɗin, a dama da ruwa mai zafin da bai kai tafasa ba, tsakanin digiri 62 zuwa 72, a bar shi kamar awa guda, sai a tace. Abin da ya fito ruwa ne mai kauri da zaƙi kamar an narka maɗi.

Duk wadda ta taɓa haɗa kunun zaƙi ta san wannan aiki, ko da ba ta san sunayen sinadaran ba. Ana raba ƙullu biyu, a sheƙa wa kaso ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bari ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen kason da aka markaɗa da busasshen dankali ko tsiron hatsi. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Idan mai kunu ta yi gaggawa ta zuba ɗanyen ƙullun tun abin yana tururi, kunun ba zai yi zaƙi ba, domin zafin ya kashe abin da zai yi aikin. Injiniyan da ke tsaye gaban tukunyar ƙarfe mai cin lita dubbai, da ma'aunin zafi a hannunsa, wannan kuskuren yake gudu shi ma.

Daga nan masu giya sukan tafasa ruwan zaƙin da furen wata shuka mai yaɗo, wadda a jikin kwalba za ka ga an rubuta hops. Ba ta fita a ƙasarmu. Gonakinta mafi shahara suna yankin Hallertau na Jamus, da Žatec a ƙasar Cek, da kwarin Yakima a Amurka. Ita ke kawo ɗaci da ƙamshi, tana kuma hana abin saurin lalacewa. Har zuwa wannan mataki babu ɗigon maye a tukunya. Maye na shigowa ne sa'ad da aka zuba yis, dangin wanda ake sa wa fanke da burodi. Yis ya cinye sukarin, ya fitar da iska mai kumfa da alkohol. Bayan kwanaki ko makonni zaƙin ya tafi, an sami giya. Wadda aka fi sha a duniya tana da alkohol wajen kashi 5 cikin 100, baƙar Guinness ta Najeriya kuwa ta kai 7.5. Burkutun dawa, da fito, da dolo ta Burkina Faso, da bilbil ta arewacin Kamaru da Cadi, da marisa ta Sudan, duk kan wannan turba suke, sai dai babu hops a cikinsu.

To, a kan yis ɗin nan ne gidaje uku suka rabu. Akwai abin shan da yis bai taɓa shiga cikinsa ba. Akwai wanda aka bar yis ya ɗan fara aiki sannan aka katse shi, ko dai da tsananin sanyi ko da wani irin yis maras ƙarfi. Akwai kuma wanda aka bari ya zama cikakkiyar giya, daga baya aka zare alkohol ɗin. Duka ukun ana iya rubuta musu cewa ba su da maye, kuma duka ukun ba su bugarwa. Amma a ɗanɗano da kuma a wurin malamai, kama da wane ba ta wane.

Gida na farko shi ne namu, wanda ba a biki ko suna ko walimar sauka sai da shi. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946 ya fara fitar da Star a Legas a 1949, shi ya kawo Maltina kasuwa a 1976, sunan da yau ya zama na duk wani baƙin malt a bakin jama'a. Malta Guinness ta biyo a 1990, Amstel Malta a 1994. Abin da ke cikinsu ruwan zaƙin nan ne, an ƙara masa sukari, da ƙonannen sukari don launi, da bitamin, da iska mai kumfa, wani lokaci da ɗan hops kaɗan, sannan aka gasa kwalbar da zafi don kada wani yis na iska ya sami wurin zama. Kamfanonin giya ne ke yin su domin su ke da tukwanen, kuma sun lura tun da wuri cewa akwai miliyoyin Musulmi da Kiristoci masu tsantseni da ba za su taɓa sayen ɗaya hajar tasu ba.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ya shafi manomin Arewa kai tsaye, amma ba a cika faɗarsa ba. A farkon 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da malt ɗin sha'ir, a cikin matakan tsuke bakin aljihu na wancan zamani. Kamfanoni suka shiga tsaka mai wuya, domin sha'ir ba amfanin gonarmu ba ne. Dole suka koma ga dawa da masara. Dawa kuwa ba ta miƙa wuya da sauƙi ba: ba ta da irin ƙaiƙayin sha'ir da ke taimakawa wajen tacewa, sitacinta sai da zafi mai yawa yake narkewa, kuma ɗaya daga cikin sinadaran da ke fitar da sukari ya yi ƙaranci a tsironta. Sai da aka sake tsarin injuna, aka riƙa ƙara sinadaran daga waje. Irin dawa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta, kamar gajerar kaura mai lamba SK5912, ya sami kasuwar da ba a yi zato ba. An ɗage haramcin daga baya, amma dawa ta riga ta zauna. Saboda haka idan ka buɗe gwangwanin malt a Funtuwa ko Dawanau, akwai yiwuwar wani kaso na abin da kake sha daga buhunan da aka loda a kasuwar garin ya fito. Wannan kuma ya haifar da tambayar da manoma da dillalai kan kai wa malamai, game da sayar da hatsi ga kamfanin da ke yin halal da haram a harabar guda. Akwai masu ƙin shan malt gaba ɗaya saboda wannan dalili, ba don abin da ke cikin gwangwanin ba. Ina girmama matsayinsu, ko da yake in aka bi wannan zaren har ƙarshe zai kai mu kan teburin karin kumallo, tunda Milo da Ovaltine da Horlicks su ma 'ya'yan malt ne, bambancin kawai ba kamfanin giya ke yin su ba.

Shawarata ta farko ga ɗan yayata ita ce ya fara da abin da yake ganin ya sani. Yawancinmu muna kwankwaɗar malt ne da tsinke, yana da sanyin ƙanƙara, a tsakiyar hayaniyar biki, bayan shinkafa mai yaji. A haka ba abin da harshe zai ji sai zaƙi. A sayo iri uku ko huɗu, a bar su su ɗan huce daga sanyin firji, a zuba kowanne a kofin gilashi, a sansana kafin a kurɓa. A bakina Maltina ta fi kauri da laushi, kamar an ɗiga mata madara. Malta Guinness ta fi duhu, tana da ƙamshin abin da aka gasa da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Amstel Malta ta fi su sauƙi, ba ta nauyaya ciki. Fayrouz kuwa, wadda asalinta daga kamfanin Al Ahram na Masar take kafin Heineken ya saye shi a 2002, wata aba ce daban: garau take, da ɗanɗanon 'ya'yan itace, malt ɗin yana can ƙasa sai mai lura zai ji shi. Wanda ya je Landan zai tarar da Supermalt a duk shagon 'yan Afirka. A Danmak ake yin ta, an kuma fara yin ta ne a 1972 da kasuwar Najeriya a zuciya, daga baya ta bi 'yan ƙasar zuwa inda suka yi ƙaura.

Sai na ƙasashen Larabawa, waɗanda alhazai suka sani: Barbican, Moussy, Holsten, da Birell ta Masar. A Iran, bayan juyin juya halin 1979, masana'antun giya sun koma yin ruwan sha'ir maras maye, Delster ce ta fi suna. Waɗannan ba baƙaƙe ba ne kamar namu, launin zinare gare su, kuma ba su da kauri. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaukar mai ɗanɗanon tuffa ko rumman ko abarba. Suna da daɗi, ban musa ba, amma lemo ne da sabon kaya. Wanda ke neman sabon ɗanɗano da gaske ya nemi wadda ba a sa mata komai ba. Kurɓar farko zai yamutsa fuska. Zai ji ƙamshin hatsi, kamar ɓawon burodi, sannan ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro.

Wannan ɗaci shi ne katangar da ke tsakanin harshen Bahaushe da duk wannan dangi. Abin mamaki kuwa, mu ba baƙin ɗaci ba ne. Muna cin goro, muna tauna namijin goro, muna gatsar gauta, muna miyar shuwaka. Amma tauna ɗaci muke yi, ba mu shansa. In ka ga Bahaushe ya ɗaga kofin abu mai ɗaci, to jiƙon maɗaci ne ko saiwar magani, yana sha yana runtse ido. Abin sha a wurinmu ko dai zaƙi, ko tsami irin na nono da tsamiya da zoɓo, ko yajin citta da kanumfari. Waɗanda suka saba da kofin farko na shayin Buzaye, wanda ake dafawa har ya yi baƙi, su ne za su fi saurin sabawa. Ladar mai haƙuri kuwa ita ce abin sha mai ɗaci yana wanke maiƙo daga baki. Gwada shi da tsire ko balangu ko gasasshen kifi, za ka ga kowace loma ta dawo sabuwa, abin da lemo mai zaƙi ba ya iya yi.

Gida na biyu da na uku su ne inda maganar ta yi zafi. Tarihinsu ya faro ne daga dole. Tsakanin 1920 da 1933 Amurka ta haramta giya, doka ta ce duk abin da ya haura kashi 0.5 cikin 100 abin maye ne. Kamfanoni suka riƙa yin lami don kada su rufe. Daga can wannan lamba ta 0.5 ta bazu. A 1979 wani kamfani a Farankfot ya fitar da Clausthaler ta hanyar katse aikin yis, aka fara ɗaukar abin da muhimmanci a Jamus. Masu zare alkohol kuwa dabaru biyu suka fi amfani da su. Alkohol na tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, amma in aka dafa giya a wannan zafi ɗanɗanonta ya lalace, don haka ake zuƙe iskar cikin tukunya yadda zai tashi a ɗumi kaɗan. Ɗaya dabarar ita ce a matsa giyar ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, ruwa da alkohol su wuce, masu ɗanɗano su tsaya, sannan a mayar da ruwa zalla. Heineken 0.0 ta fito a 2017, Guinness 0.0 a 2020. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022, saura kwana biyu a fara wasa aka sanar cewa ba za a sayar da giya a filaye ba, sai Budweiser Zero, kuma haka aka yi gasar har ƙarshe.

Masu karanta Hausa ba duka Musulmi ba ne, akwai kuma direban da ke son kai kansa gida lafiya, da wanda likita ya ce ya rage. Ga irin waɗannan, sanin manyan iri huɗu ya wadatar, domin marasa mayen suna kwaikwayon masu mayen ne. Akwai filsna, mai launin zinare da ɗaci tsaf, wadda wani Bajamushe mai suna Josef Groll ya fara dafawa a garin Plzeň a 1842, kuma kusan duk giyar kwalba da aka sani a Afirka jikanyarta ce. A nan Clausthaler da Bitburger 0,0 da Heineken 0.0 suke. Akwai ta alkama, irin ta kudancin Jamus, mai duhu-duhu kamar ruwan ƙullu, wadda yis ɗinta ke ba da ƙamshin ayaba da kanumfari, ɗacinta kuma kaɗan ne. Masana da yawa na ganin ita ce ta fi jure rashin alkohol, kuma ina jin ita ce mafi kusa da harshen wanda ya tashi da kunu. Erdinger Alkoholfrei ce fitacciya, ita ake miƙa wa masu gudun fanfalaki na Balin in sun kai ƙarshe. Akwai baƙa, ta gasasshen sha'ir, mai ƙamshin kofi da koko, gidan su Guinness. Sai ta huɗu da ake kira IPA, wadda ake cika wa hops har ta riƙa ƙamshin ɓawon lemu, ɗacinta kuma ba na sabon shiga ba ne. Kamfanin Athletic na Amurka, da aka kafa a 2017 don yin marasa maye kaɗai, da ita ya yi suna. Gargaɗi ɗaya: wanda ya sha fama kafin ya rabu da shaye-shaye, ƙamshin nan kaɗai na iya tayar masa da tsohon ƙishi, gara ya nisance su.

Yanzu ga inda ake zamewa, wato rubutun jikin kwalba. A Jamus doka ta yarda a rubuta alkoholfrei a kan abin da ke da alkohol har zuwa 0.5. Wanda aka rubuta wa 0,0 shi ne aka matse sosai, abin da ya rage bai wuce ɓurɓushi ba. Lissafin ba wuya: kwalba mai mililita 330 a kan 0.5 tana ɗauke da mililita 1.65 na alkohol, wato sai ka haɗa goma kafin ka kai kwalba ɗaya ta mai kashi 5, jiki kuwa yana narka shi da sauri fiye da yadda ciki zai iya ɗaukar ruwan. Tarkon da ya fi wannan haɗari a kasuwarmu shi ne na abubuwan da ke da zaƙi da hoton 'ya'yan itace a jiki amma giya ce sosai. Star Radler tana da kashi 2, Smirnoff Ice ta fi haka. Orijin da Orijin Zero suna ɗaya ne da ƙarin kalma guda, ɗaya da maye, ɗaya babu. A wurin biki da dare, cikin kula mai ƙanƙara, hannu na iya kuskure. A nemi lambar da ke gaban alamar kashi, kada a dogara da launi.

Malamai fa? Ƙa'idar da mafi yawan malamai suka yarda da ita ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Saɓanin yana kan abin da ko tulu ka sha ba zai bugar ba. Wasu malaman Saudiyya, cikinsu har da Shaihu Ibn Usaimin, sun yi fatawar halaccin birar da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar, bisa hujjar cewa an bincika ba ta sa maye, asalin abubuwa kuma halacci ne. Ɓurɓushin alkohol kuwa na samuwa a ayaba da ta nuna sosai, da burodi, da ruwan inabi, ba wanda ya haramta su. A Maleshiya da Indunusiya hukumomin halal sun bi ta wata hanya. A wurinsu tambayar ita ce yadda aka yi abin: in an bi tsarin yin giya, ko an zare alkohol daga baya, ba za su ba da shaidar halal ba. Majalisar malaman Indunusiya ta ƙara da cewa ko suna da kamannin abin haram sun isa hana shaida. Shi ya sa da Heineken 0.0 ta shiga Maleshiya a 2019, kamfanin da kansa ya fito ya ce ba halal ba ce, waɗanda ba Musulmi ba ya yi wa.

Ni ba malami ba ne, amma tunda ɗan yayata ra'ayina ya tambaya, na gaya masa inda na tsaya. Gida na farko ina sha ba tare da ɗar ba. Gida na uku na bar shi, domin abin da ya taɓa zama giya zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma ban rasa abin sha ba balle in ce lalura. Akwai kuma maganar mutunci. Ka zauna a majalisar unguwa a Kano da koriyar kwalba mai jan tauraro, wa zai matso ya karanta 0.0? Tun da jihohin Arewa goma sha ɗaya suka bi sahun Zamfara daga shekarar 2000, ana ganin Hisba na farfasa kwalabe da motar daƙile hanya, kuma ba na jin ranar kame akwai mai sa tabarau ya tantance. Abin da ke daidai a titin Madina, inda kowa ya san babu mai maye a kanti, ma'anarsa na canzawa a garin da ake sayar da iri biyun a firji ɗaya.

Sai dai kada mai shan malt ya yi ta murna ya tsira. Abin da ya ba shi zaƙi shi ne sukarin da yis bai ci ba, da wanda aka ƙara. Ta fuskar sukari, gwangwanin malt ba ya nesa da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa irin wannan sukari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu. Gwangwani biyu sun isa su kai mutum can. Al'adar nan ta haɗa malt da madarar gwangwani a ba maijego ko maras lafiya don ƙarin jini, ƙarfi take bayarwa na ɗan lokaci saboda sukari da maiƙo. Sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata yana cikin hanta da nama da wake da ganye irin zogale. Mai ciwon sukari kuwa ya yi hattara da wannan haɗi ƙwarai.

Da na ga ɗan yayata ya ɗan karaya, sai na ce masa ai dangin tsiro da hatsi sun fi ƙarfin kwalba. Abin sha mafi ban sha'awa da na sani a wannan gida na Sudan ne, hilu-mur, wato zaƙi da ɗaci. Tun watan Sha'aban mata ke tsirar da dawa, su busar, su niƙa, su haɗa da kunun gari da citta da kirfa da hulba da zoɓo da tsamiya, su bar ƙullun ya yi tsami, sannan su shafa shi a kan faranti mai zafi ya gasu ya zama jajayen falle kamar takarda. Da azumi sai a jiƙa falle a ruwa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Gashin nan ya kori duk abin da ake tsoro, ya bar ƙamshin hayaƙi da tsami da ɗan ɗaci. Hausawan Sudan da shi suke buɗa baki, kuma duk kayan haɗinsa akwai su a kasuwar Kurmi. A Makka da Jidda akwai sobiya ta sha'ir, wadda ake sayarwa a leda da yammacin azumi. A Japan ana gasa sha'ir a dafa kamar shayi a sha da sanyi, ba sukari ba maye, suna ce masa mugica. A Santambul akwai boza ta gero, mai kauri kamar koko, ana barbaɗa mata kirfa, shagon Vefa na sayar da ita tun 1876. Ita da kvas ɗin Rasha, na burodi, suna ɗan tsimuwa, don haka mai tsantseni ya tambaya kafin ya sha.

Wannan ya dawo da mu ga yayata, wadda duk tsawon hirar tana jin mu tana ɓare gyaɗa. Ta ce to ai gara kununta, wanda ta san abin da ta zuba. Na ce gaskiya ne, Yaya, amma ki tuna gorar kunun da aka manta a bayan ƙofa da zafin bazara, kwana biyu ta kumbura, aka buɗe ta yi tsartuwa har rufi. Ruwa ba ya tsami banza: yis ɗin iska ne ya sami sukari ba mai tsaro. Ta ce shi ya sa ba ta bari ya kwana biyu, in ya fara cizon harshe awaki take ba. Ɗan nata ya ce in ya koma zai taho da Barbican maras ɗanɗanon komai da ƙunshin hilu-mur daga shagunan 'yan Sudan, ta ce hilu-mur ɗin ya kawo mata nata daban, kwalbar kuwa ya shanye abarsa tun a filin jirgi.